.257 Roberts ko .25-06: wacce ba za ta bar ka da neman kwanso ba?

Malam, ka ce ka ga bindigogin farauta biyu da aka taɓa amfani da su a wani shago a Texas, ɗaya .257 Roberts, ɗaya .25-06 Remington. Farautar barewa za ka yi, kuma da kanka kake son sake ɗura harsashi, shi ne kake tambayar wacce za ka ɗauka. Zuciyata tana wajen Roberts, amma .25-06 zan ce ka saya, kuma kwanso ne dalili, wato ɓawon tagullar da ake ɗura albarushi da kan harsashi a cikinsa.

Wajen harbi tazararsu ba ta da yawa. Kan harsashinsu faɗi ɗaya ne. .25-06 ta fi gudu, ta fi ƙara, ta fi shan albarushi, bututunta ma ya fi saurin cinyewa. Roberts ba ta dukan kafaɗa sosai, ko yaro mai koyo zai iya da ita. Kowacce ta isa ta kayar da barewa.

Maganar kwanso ce ta raba su. Remington, kamfanin bindiga na Amurka, ta fito da Roberts a 1934, daga kwanson 7x57 Mauser da aka matse wa wuya. Yau masu harba ta sun ragu, kamfanoni kuwa inda ciniki yake nan suke sa injinansu, wato harsasai irin su .223, .308, 6.5 Creedmoor. Irin su Roberts sai jefi-jefi ake buga musu kwanso, in ya ƙare a kanti sai ka jira wani zagayen. A ƙarancin harsashi na 2020 da 2021, lokacin da ita kanta Remington ta karye, irin waɗannan aka fara ajiyewa gefe. Za ka iya yin kwanson Roberts daga na 7x57 ko 6mm Remington, to amma su ma ba a cike suke a kasuwa ba.

Ita .25-06, wadda Remington ta fitar kasuwa a 1969, daga .30-06 aka cire ta, harsashin da sojan Amurka suka fara riƙewa tun 1906. Kwansonsa ko a ƙasan filin koyon harbi kana tsinta. Don mayar da shi na .25-06, ka shafa masa mai, ka matse wuyan a hankali, ka auna tsawo da kaurin wuya kafin ka ɗura, domin tagullar tana taruwa a wuya in an matse ta. Don Allah ka rubuta a jikin akwatin, saboda gindin kwanson zai ci gaba da nuna .30-06 alhali ba shi ba ne, kuma rikita su haɗari ne babba.

In har ranka ya kafe kan Roberts, ka fara samun kwanso kafin ka biya kuɗin bindigar. Ka sayi kwanson da yawa bugu ɗaya, kada ka cika masa albarushi har iyaka, ka riƙa gasa wuyan lokaci-lokaci don kada ya tsage.