Sharhi kan Tsarin Rage Ƙiba na Wata Masaniyar Abinci: Yadda Yake Aiki a Lokacin Biki da Cin Abinci a Waje

Masu sayar da tsarin rage ƙiba sun yi yawa a WhatsApp da Instagram, kuma yawancinsu suna rubuta jadawalin abinci kamar wanda zai bi shi ba ya da dangi, ba ya da maƙwabta, ba a kuma gayyatarsa ɗaurin aure. Saboda haka da na yi rajista da wata masaniyar abinci mai gina jiki da ke aiki daga Kano, abin da na fi son sani shi ne yadda tsarinta zai yi da kamu da walima da yinin suna, domin a nan ne yawancinmu muke karya doka.

Ana biyan kuɗin ne wata-wata. Da farko tana karɓar nauyi da tsawo da faɗin ƙugu, ta tambayi ko akwai ciwon suga ko hawan jini, sannan ta aiko da jadawali na mako guda wanda ake sabuntawa. Burin da ta sa shi ne raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wanda shi ne ma'aunin da likitoci suka saba bayarwa, kuma ba ta sayar da shayin rage tumbi ko wani gari, abin da ya sa na ƙara amincewa da ita.

Inda aikinta ya fi ƙarfi shi ne shirin ranar biki. Ba ta hana zuwa, ba ta kuma hana ci. Ƙa'idarta ta farko ita ce kada a wuni da yunwa da sunan ajiye ciki, domin wadda ta isa wurin biki da azahar ba ta karya ba, waina da cincin ne za su fara shiga hannunta. Sai ta ce a ci dafaffen ƙwai ko kwaɗon zogale kafin a fita. Ta biyu kuma ta shafi abin sha, kuma a nan ta kawo hujjar da ta gamsar da ni. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) da mutum yake samu a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, alhali kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya ɗauke da fiye da haka. Zoɓo da kunun aya na gidan biki ma ba su tsira ba, tunda masu haɗa su ba sa tausaya wa sukari. Shawararta ita ce a zaɓi ɗaya, ko lemo ko alkaki da dubulan, amma ba duka ba.

Ta kuma yi bayani a kan mai, wanda shi ne ɓoyayyen nauyin abincin taro. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa, waɗanda ake samu a shinkafa da nama, kalori 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kusan kalori 120. Da wannan lissafi ta fifita farfesu da balangu marar kitse a kan soyayyen kaza, ta fifita sinasir a kan funkaso.

Abin da ban taɓa gani a wurin wasu ba shi ne yadda ta ɗauki matsalar kunya da muhimmanci. Kowa ya san cewa ƙin cin abincin uwar biki ko surukar mutum ba ƙaramin abu ba ne, kuma idan aka ce "Hajiya, ai ba ki ci komai ba", bayanin kalori ba zai fitar da ke ba. Dabararta ita ce a karɓi faranti da godiya, a ci nama da ganye a hankali ana hira, sannan a nemi a juye sauran a roba a kai wa yara, wanda dama al'ada ce da babu mai ganin laifinta. Ta kuma gargaɗe ni kada in hau sikeli washegarin biki, saboda gishiri da sinadarin ɗanɗano suna sa jiki ya riƙe ruwa, kuma ƙarin da ake gani ba kitse ba ne.

Sashen gidajen abinci bai kai wannan inganci ba. An rubuta shi ne da manyan wurare a zuci, inda ake iya cewa a gasa kifi a kawo miya daban, amma wanda yake cin rana a wurin mai tuwo kusa da ofis ko kasuwa ba zai sami abin kamawa sosai ba, ban da cewa ya rage malmala ya ƙara miyar ganye. Jadawalin gida ma ya dogara da wasu kayan kanti masu tsada, alhali acca da wake da gero suna nan a kasuwa. Sai da na nema kafin ta musanya su. Babban aibin kuwa shi ne jinkirin amsa saƙo daga Juma'a zuwa Lahadi, ranakun da bukukuwa suka fi yawa kuma aka fi bukatar ta.

Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai matsakaicin albashi, kuma a ganina wata biyu sun isa mutum ya koyi ƙa'idojin ya ci gaba da kansa. Ina ba da shawarar tsarin ga wadda hidimomin dangi suka yi wa yawa, da sharaɗin ta aika tambayoyinta na biki tun ranar Laraba, ta kuma nemi a rubuta mata jadawalin da kayan kasuwarmu tun daga makon farko. Mai ciwon suga ko mai juna biyu kuwa ta fara ganin likitanta kafin ta biya.