Sharhi kan sautin ruwa da iska a wasan Breath of the Wild

Wasan The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a watan Maris na 2017, ya sha yabo saboda faɗin duniyarsa, amma ni abin da ya riƙe ni tun da na saye shi na hannu tare da na'urar Switch shi ne yadda yake sanar da mai wasa halin da sama take ciki ta kunne, ba ta ido kawai ba. A ƙasan allo akwai ƴan alamu da ke nuna zafi da sanyi da hasashen ruwa, kuma wasan ya ba da damar a kashe su. Na kashe su don in ga ko sauti kaɗai zai ishe ni, ya kuwa ishe ni.

Sirrin abin, a ganina, yana cikin ƙarancin kiɗa. Manaka Kataoka, mai tsara kiɗan wasan, da abokan aikinta ba su cika filin da ganguna da ƙaho ba. Ƴan sautukan piyano ne ke faɗowa jefi-jefi, sa'an nan a yi shiru mai tsawo. Cikin wannan shirun ne ake jin iska tana kaɗa ciyawa, ake jin yayyafi ya fara sauka kafin ruwa ya kece. Da a ce kiɗa ya cika ko'ina, da duk wannan aikin ya tafi a banza.

Inda suka fi gwaninta shi ne hadari mai tsawa. Idan Link, jarumin wasan, yana ɗauke da takobi ko garkuwar ƙarfe, sai ƙarfen ya fara tartsatsi yana wani ƙas-ƙas da ke ƙaruwa, kuma wanda bai yi sauri ya sauya zuwa makamin itace ba aradu za ta faɗa masa. Na farko da na ji wannan ƙarar a dajin Faron, inda ruwa ba ya rabo da sauka, hannuna ya riga tunanina isa ga maɓalli. Ruwan ma ba ado ba ne, domin yana kashe wutar da aka hura, yana sa dutse santsi har hawa ya gagara, yana kuma rufe sawun tafiya ta yadda za a iya laɓaɓowa bayan abokin gaba. Saboda haka mai wasa yakan koyi kasa kunne kamar manomin da ya gama shiri yana jiran ruwan shuka, tun da kowane sauyin sauti yana da abin da zai jawo masa.

Sanyin duwatsun Hebra shi ma ya fito da kyau. Kiɗan yakan koma siriri, ana jin Link yana rawar ɗari, har sai an dafa masa abinci mai barkono jikinsa ya yi ɗumi.

A hamadar Gerudo ne kunnena na ɗan Maradi ya nemi ƙari. Guguwar yashi tana rufe gani, tana kuma lalata taswira, kuma hucin iskar yana da ƙarfi, sai dai mu nan mun san cewa ƙura tana da matakai. A farkon damina, wajen Yuni, hadari kan haɗo daga gabas, gari ya yi tsit, tsuntsaye su yi shiru, sa'an nan jar ƙura ta taso tana buga kwanon rufi da ƙyamare, ana jin cida daga nesa, kafin ɗigon farko ya faɗi. Bayan ruwa ya ɗauke kuma indararo na ci gaba da zuba, kwaɗin gulbi su karɓe daren. Hazon hunturu kuwa ba shi da hayaniya ko kaɗan, busasshiyar iska ce da ƙarar ganyen da ya bushe. Ina fatan ranar da matasanmu masu sha'awar haɗa wasanni za su naɗi waɗannan sautuka da kansu, domin wanda ya kwana ƙarƙashin kwano a marka ta watan Agusta ne zai iya tsara su daidai.

Ga mai niyyar saye, shawarata ita ce kada ya dogara da ƙaramar lasifikar da ke jikin na'urar, domin tana cinye kaurin cida, ruwan sama ya koma shuu mara daɗi. Ya nemi abin saurare na kunne mai rufe kunnuwa biyu, ko da mai araha ne, tun da shi ne zai nuna masa ta wane gefe tsawa ta faɗi. Idan da hali ya yi wasan da dare, bayan ƙarar babura da injinan wuta ta lafa.