Fostar taron bincike: PowerPoint ko Canva?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata ƙanwarmu da ke digiri na biyu a Jami'ar Marwa ta jefo tambaya. An karɓi bincikenta kan noman masakwa, wato dawar rani, a wani taro da za a yi a Yawunde, an ce ta kawo fosta girman A0 a tsaye, kuma a ciki akwai jadawalin amfanin gona da maganganun manoma da Hausa da Fulatanci. Tana so ta sani, da PowerPoint za ta yi ko da Canva?

Ƙanwata, ga irin aikinki PowerPoint zan zaɓa miki. Canva ya fi shi kwalliya, wannan ba gardama, amma bari in jera miki su ki gani.

Mu fara da girma. A0 santimita 84.1 ne a faɗi, 118.9 a tsawo. A PowerPoint sai ki shiga wurin girman shafi ki rubuta waɗannan lambobi kafin ki ɗora ko da harafi ɗaya. Yana karɓa har santimita 142 kowane gefe, don haka A0 ya shiga da sarari. Canva ma zai bar ki ki zaɓi girmanki kyauta tun farko, sai dai in kin gama sannan masu taro suka ce a kwance suke so, maɓallin sauya girma na masu biyan kuɗi ne. PowerPoint zai sauya ba ko sisi, ko da yake zai hargitsa miki kaya sai kin sake jerawa.

Sai intanet. Canva a kan intanet aka gina shi, kin kuma san halin da muke ciki: ranar da aka fi matsuwa ita ce ranar da layi ke rarrafe. PowerPoint yana cikin kwamfutarki, ko wuta ta ɗauke kina aiki har batir ya ƙare.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne jadawali da haruffa, don nan fostocinmu suka fi lalacewa. Jadawalin da kika zana a Excel, in kika kwafo shi zuwa PowerPoint, yana zuwa da ransa. Kina iya ƙara girman lambobin gefe, ki sauya launi, ki gyara adadi ɗaya in malaminki ya kama kuskure, kuma komai girman bugu layukansa ba sa dusashewa. A Canva yawancin ɗalibai hoton allo suke ɗauka su manna. A waya yana fitowa tsaf, a takarda mai tsawon fiye da mita kuwa sai ki ga lambobi sun yi gashi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: hoton da zai ci santimita 20 a faɗi yana son ɗigon hoto, wato pixel, wajen 1,200 a faɗin, in ya fi haka ma ya fi kyau. Kuma kada ki yi amfani da hoton gona da aka turo miki ta WhatsApp a matsayin hoto, don matse shi ake yi. A sake turo shi a matsayin fayil.

Haruffa kuma, kina da ɓ da ɗ da ƙ, ga ŋ da ƴ na Fulatanci. Da yawa daga salon rubutun ado ba su san da su ba. Sai ki rubuta "ɗanyen ƙasa", ɗ ɗin ya fito da wani salo daban, siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya zama ɗan akwati. Wanda ba ya jin yaren ba zai lura ba, amma malamin harshe daga Ngaundere ko Garwa da ido ɗaya zai hango. A kwamfutarki kina iya sauke Charis SIL ko Andika ko Noto Sans, duka kyauta, duka suna da haruffanmu. A Canva ɗora salon rubutunki na masu biya ne, sai dai ki bi nasu ɗaya bayan ɗaya kina gwadawa.

To ina Canva ya yi zarra? Yana da shimfiɗu gyararru, wato shafukan da aka riga aka tsara, launukan da suka dace da juna, da alamomi kala-kala. Yana ƙera miki lambar QR nan take, wadda mutum zai haska da waya ya samu cikakkiyar takardarki. In ku biyu ko uku ne a aikin, kowa na iya shiga ya gyara daga inda yake. Wanda idonsa bai saba da tsara shafi ba, Canva yana rufa masa asiri. Ki dai kula da abubuwan da ke da alamar kambi, na kuɗi ne. Abin da ban so a shimfiɗunsa shi ne da yawansu na talla ne, ado ya cinye wurin sakamako.

Ko wanne kika ɗauka, kada ki kwashe kundinki ki zuba a bango. A 2019 wani ɗalibin digirin digirgir a Amurka, Mike Morrison, ya yaɗa salon sa babban sakamako cikin jimla ɗaya da manyan haruffa a tsakiya, sauran bayani a gefe. Ba lalle ki bi shi sak ba, wasu malamanmu za su ce fostar ba komai a ciki. Amma ki ari dabarar: wanda ke wucewa da kofin shayi ya karanta abin da kika gano kan masakwa ba tare da ya tsaya ba. Taken fostar ya kai maki 80 ko fiye a ma'aunin girman haruffa, rubutun ciki kada ya gaza 24.

Ga gwaji kafin ki kashe kuɗi. Kowane gefen A0 ninki huɗu ne na A4, wato maki 24 zai koma 6 in an rage. Ki buga a A4 ki miƙa hannu ki karanta. Abin da kika kasa gani, a ƙara shi ko a cire.

Wurin mai bugu, PDF za ki kai, kada ki ba shi fayil ɗin PowerPoint. Kwamfutarsa ba ta da salon rubutunki, za ta musanya da nata, layuka su zame. Ki tsaya ki ga an buɗe a gabanki, ki duba ɗ da ƙ, sannan a danna. Tafiyar kuma da nisa: mota daga Marwa ta Garwa zuwa Ngaundere, sai jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. In a gida kika buga, ki naɗe ta ki zura a bututun roba irin na masu aikin famfo, ki toshe bakinsa biyu, ya zauna a hannunki ba a saman mota ba. In kuwa za ki isa da kwana ɗaya ko biyu kafin taro, ki riƙe PDF ɗin a filashi da cikin imel, ki buga a can.