Kariya ko kaktus mai jan kai? Ki ɗauki kariya

'Yar'uwa, tsakanin shukar kariya da ɗan kaktus ɗin nan, tsiro mai ƙaya, mai jan kai da kika turo hotonsu, ki ɗauki kariya kawai.

Tawa shekararta 7 a wata tsohuwar tukunyar ƙasa da na huda wa gindi. Ba ta fi ɗan yatsa ba innata ta ba ni ita, yanzu gindinta ya kumbura, sai da hannu biyu nake zagaye shi. In hunturu ya shigo takan kakkaɓe ganyenta tas, shekarar farko har na fidda rai da ita. Ana shiga bazara, lokacin da komai na tsakar gida ya yi yaushi, sai ga fure ruwan hoda a bakin kowane reshe. Ranar sai da na kira maƙwabciyata ta zo ta gani. 'Yar ƙasa ce ai, daga Senigal har Sudan da kanta take fitowa a daji, kuma ruwa take ajiyewa a kumburin nan. Na taɓa tafiyar wata guda babu mai ba ta ruwa, na dawo na tarar da ita garau.

Yawan ruwa ne ajalinta. Ki haɗa yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ki farfasa gawayi a ciki, kada ki ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe. A watan Agusta nakan janye tawa inda ruwan sama ba ya dukanta. Ƙaronta kuma dafi ne, ki nesanta ta da yara da awaki, in kin yanke reshe ki wanke hannu da sabulu.

Shi kuwa kaktus ɗin, kyau dai yana da shi a kan tebur. Nawa bai kai wata 5 ba ya mutu. Jan kan nan ba fure ba ne, aure aka yi masa kamar na mangwaro. Na saman ba shi da kore, na ƙasan ke ciyar da shi, ga shi ba ya jure rana mai zafi.

Ki kula da masu sayarwa. An taɓa sayar mini da kaktus mai fure, sati shida furen bai yi yaushi ba, da na ja shi sai ga gam a jiki, ashe busasshen fure aka manna. Masu tallar irin kariya mai shuɗin fure a intanet ma kada ki saurare su, babu kariya shuɗiya, hoton aka rina. Ki je da ƙafarki, ki zaɓi wadda ke da fure a jikinta, sannan ki matsa gindin da yatsa. In kin ji taushi ta fara ruɓewa daga ciki, ki ajiye musu abarsu ko nawa suka rage miki.