Shagon kwamfutar da nake buga jarrabawar ɗalibaina

Shekara 4 kenan duk ƙarshen zango a shago ɗaya nake buga takardun jarrabawa, wani ɗan shagon kwamfuta ne ta wajen Kabuga a nan Kano, sunansa kuma zan bar shi saboda akwai maganar mutum a ciki. Ni da safe Hausa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma Islamiyya, to duk wanda ya taɓa kai rubutun Larabci wajen masu taifin ya san ciwon kan da ake sha, ka ba su aya su dawo maka da ita fataha ta koma kasra, shadda ta ɓace, wani lokacin ma layin gaba ɗaya ya juye. Hausar ma haka, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari, kai kuma tambayar da ka yi wa yara a kan ƙa'idojin rubutu ce.

A shagon nan ban taɓa cin karo da wannan ba wallahi. Yaron da ke kan kwamfutar ya yi haddar izu da dama kafin ya koyi aikin, in ka yi kuskure a rubutun hannunka shi zai ce Malam duba nan, anya haka ayar take? Sau biyu ya kama ni, a cikin Alqur'ani muka duba, shi ke da gaskiya. Kuma ba ya buga maka kofi 200 sai ya fara ciro maka guda ɗaya ka karanta ka ce to. Za ka iya tura aikinka ta WhatsApp da daddare ka zo da safe ka ɗauka, suna karɓar taransifa.

Inda suke da rauni fa akwai shi. Injin fotokwafin ya tsufa, yana jan baƙin layi a gefen takarda kuma in aiki ya yi yawa yakan cinye takarda sai an buɗe an zaro. In an ɗauke wuta Alhaji mai shagon ba ya tada janareto sai aiki ya taru da zai fitar da kuɗin mai, ka iya zama awa guda kan benci kana jira. Kuɗinsu ya ɗan fi na maƙwabta, ni dai ban taɓa jin haushin wannan ba don aikin ya ci kuɗinsa.

Da can su uku ne ma'aikata, yanzu saura yaron nan na kan kwamfuta kaɗai da wani ƙaramin yaro mai koyo. Ɗaliban jami'a da suke cika shagon lokacin furojet yanzu kowa a wayarsa ko laftof ɗinsa yake bugawa, sai dai ya zo a ciro masa kawai, ga shi tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, takarda da tona (tawadar injin) duk suka bi ta. Ba sai an gaya maka ba, kana shiga za ka ga kanta rabi babu kaya.

Makon jiya ina tsaye yaron yana yi min bindin, Alhaji ya fita sallah, sai ya rage murya ya ce Malam don Allah shawara nake nema. Albashinsa 25,000 ne, wata biyu kuma ba a ba shi cikakke ba, daga Kurna yake zuwa kullum a adaidaita sahu, kuɗin mota kaɗai ya cinye fiye da rabi, ga mahaifiyarsa da ƙanne a wuyansa. Wata maɗaba'a mai buga littattafan addini ta ga aikinsa ta yi masa tayin 60,000. Na ce to me ya tsayar da kai? Ya ce Alhaji ne ya koya masa aikin nan tun bai san inda ake kunna kwamfuta ba, ranar da mahaifinsa ya rasu shi ya tsaya a kan komai har aka kai shi makwanci, yanzu da shago ya durƙushe ya sa ƙafa ya fita ai mutane butulu za su kira shi, kuma ya san in ya tafi kwastomomin Larabci ba za su ƙara zuwa ba.

Gaskiya maganar ta tsaya min a rai har na kwana da ita. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi 70,000 tun watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ke nan babu hukumar da za ta tilasta wa Alhaji, tsakaninsa da Allah ne da abin da aljihunsa zai iya. Kuma ni shaida ne mutumin ba mugu ba ne, na sha ganinsa ya sayo abinci leda ɗaya sun ci tare. Sai dai alherin da ya yi wa yaron ba bashi ba ne da za a riƙa cirewa a guminsa har abada, shekara 6 yana riƙe da shagon nan da amana, ko naira ba a taɓa nema an rasa ba.

Washegari na koma na ce masa ƙanena, kar ka sulale, ka samu Alhaji gaba da gaba ka faɗa masa tayin da aka yi maka da adadin kuɗin, ka roƙe shi ko zai ware maka kaso a duk shafin Larabci da ka buga tunda kai ke jawo aikin, in lissafi ya fita ka zauna, in bai fita ba ka nemi albarkarsa ka tafi, mahaifiyarka ma tana da haƙƙi a kanka kuma nata ya fi ƙarfi. Na san in ya tafi ni ma zan rasa wajen buga jarrabawa, amma ba zan ce ya zauna don takarduna ba.

Sun zauna, Alhaji ya ɗauko littafin ciniki suka duba tare, bai fita ba. Yaron ya ce min Alhaji ya yi shiru can ya ce je ka, Allah ya yi maka albarka, ragowar kuɗinka zan biya ka da kaɗan-kaɗan. Yaron zai kai ƙarshen wata yana koya wa ƙaramin inda harufan Larabci da ƙ da ɗ suke a kibod, kuma ya yi alkawarin leƙowa ranar Lahadi in akwai aiki mai nauyi.

Mai fotokwafi ko ciro takarda ko bindin ya ci gaba da zuwa, za a yi masa aiki da mutunci. Mai aikin Larabci ya kai kafin wata ya ƙare, bayan nan kuma ya tabbata ya karɓi kofi ɗaya ya bi wasali ɗaya bayan ɗaya kafin a buga sauran, ƙaramin yana da ƙoƙari amma hannunsa bai faɗa ba tukuna.