Kilinik a cikin Maraɗi ko CSI a ƙauye: amsa ga ƙanwarmu sabuwar anfirmiya

Ƙanwata, kin tambaya a zaure wanne za ki karɓa, aikin kilinik a cikin Maraɗi ko na CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta gwamnati, a ƙauye. Ki karɓi CSI ɗin nan na wajen Tasawa, ki bar kilinik ɗin cikin gari ya jira. Na ga ƴan zaure da yawa sun ce ki zauna Maraɗi kusa da Inna tunda kuɗin kilinik ya ɗan fi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ni duka biyun na yi aiki a cikinsu, kuma abin da nake ci da shi yau a ƙauye na samo shi.

Mafi yawan CSI na karkara ba su da lokotoro. Manjo ne, wato shugaban CSI, da ke, sai ungozoma in an yi sa'a, sai mai ba da magani. Ke za ki duba marar lafiya, ki rubuta masa magani, ki yi awon ciki, ki karɓi haihuwa in ungozoma ta tafi gari, ki ɗinke wanda gatari ya sara a gona. Ranar rigakafi ke ce kan babur da akwatin sanyi zuwa ƙauyukan da ke nesa. Firjin alluran nan safe da yamma ake duba shi a rubuta, kada ya sauka ƙasa da digiri 2 ko ya haura 8. Ƙarshen wata kuma ga rahoto, wanda ba wanda yake so, amma duk wanda ya iya shi ba ya rasa mai nemansa.

Sannan ga damina. Daga Yuli zuwa Oktoba ana bin gida-gida kowane wata da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, duk da haka rumfar jira cika take yi tun da asuba, domin lokacin ne zazzaɓi da tamowa suke haɗuwa, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Tun 2006 yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi a likitar gwamnati, shi ya sa uwaye ba sa jinkirin kawowa kamar da. A damina guda hannunki zai taɓa yaran da ba za ki gani a shekaru ba a kilinik.

Manjon da na fara a ƙarƙashinsa dattijo ne, ya kusa ritaya, ba ya son surutu. Wani dare cikin Agusta amalanken shanu ya tsaya ƙofa da wata mata da ɗanta, gudawa ta kwana biyu tana cinsa, idanu sun faɗa, ƙafafu kuwa a kumbure. Manjo ya danna babban yatsa a bayan ƙafar yaron, ya ɗan dakata, ya ɗaga, rami ya zauna. Ya ce, "Ɗiyata, zo ki danna ɗayar." Na danna, haka. Igiyar awon dantse ta tsaya kan ja, ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani. Gwajin jini na yatsa ya fito da layi biyu, wato akwai zazzaɓin cizon sauro. Uwar sai roƙo take a rataya masa ƙarin ruwa, don a wurinta shi ne magani. Manjo ya ce mata a'a cikin ladabi, ya juyo gare ni ya ce yaron tamowa ba a gaggauta masa ruwa ta jijiya, zuciyarsa ba ta ɗauka. Ya sa na ba shi ruwan sukari da cokali, muka bi da ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na yaran tamowa, kaɗan-kaɗan, aka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa aka lulluɓe don kada sanyi ya kama shi. Takardar turawa CRENI kuwa, wato inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, ni ya sa na cike, yana tsaye da tocila, sai da ambilans ta iso ya sa hannu. Bayan ƴan makonni matar ta dawo karɓar Plumpy'Nut, abincin maganin tamowa, yaron na goye yana jan ɗankwalinta, ta ajiye mana ƙwan zabi cikin ƙwarya. Manjo ya ce nawa ne, ni na rubuta takarda.

Kilinik fa? Akwai fanka, akwai tayil, za ki kwana gida. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Wanda na zauna, lokotoro ke duba kowa, ni canza ledar ruwa da allura da bin ƴan uwan marar lafiya da rasit. In har sai shi, kada ki fara ba kontira a rubuce, ki kuma tambaya ko za a yi miki rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata. Amsar da za a ba ki ta ishe ki sanin wurin.

Ban ce ƙauye daɗi ne zalla ba. Gardi, wato aikin dare, ba mai canzarki, in an buga ƙofa ƙarfe 3 na dare ke ce. Kuɗi kan yi jinkiri. Magani kan yanke, saboda kuɗin kyautar yara da gwamnati ke mayar wa cibiyoyi ba ya zuwa kan lokaci, wannan kowa a aikin nan ya sani. Don haka kafin ki sa hannu ki hau mota ki je da ƙafarki, tunda Tasawa kan babban titi take. Ki ga manjon: yana kwana garin, ko kullum yana Maraɗi ya bar wa sabbi makulli? Wannan ita ce tambaya ta fari, domin CSI marar manjo tsayayye bai fi kilinik ba, ya ma fi shi hatsari gare ki. Ki tambaya nau'i na 1 ne ko na 2, don na 2 ke da ɗakin haihuwa da na gwaji. Ki duba ɗakin da za a ba ki, da ruwa, da sola, da nisan ambilans. Da ɓangaren iyaka ne, wajen Madarumfa ko Gidan Rumji, da na ƙara miki maganar tsaro. In Baba na ɗari-ɗari, ki tafi da shi ya gaisa da mai gari, a nema miki gidan mutunci. Haka aka yi mini, hankalin kowa ya kwanta.

Wani abu da ba ki tambaya ba. Da zarar an ji kin fito da difloma, dillalai za su taso. Wani zai ce yana da hanya a ƙungiyoyin agajin lafiya irin MSF da ke Madarumfa ko ALIMA, wani ya ce sunanki zai shiga jerin ma'aikata masu lambar gwamnati in kin turo jika kaza ta waya. Ƙungiyoyin nan sanarwa suke fitarwa, a kai takardu, a yi gwaji, ba a biyan ko dala, kuma abin da suke dubawa shi ne kin taɓa aikin tamowa da zazzaɓin yara ko a'a. Kada ki ba kowa asalin diflomarki, kofi mai hatimi ya isa. Haka masu yawo da na'urar awon hawan jini cikin jaka suna cewa daga Faransa take. Ki saya a farmasi ko shagon kayan likita da za ki iya komawa, ki gwada ta da ta manjo a hannu ɗaya kafin ki yarda da ita. Ki haɗa da tocilar goshi da takalmin roba, kuma ki yi ƙoƙari ki kama aiki kafin ruwa ya sauka, ki san inda kowane magani yake tun rumfa ba ta cika ba.