Apprentice STS 1.5m a filin kulob: haƙuri a sama, rauni a tayar gaba

Duk wanda ya leƙa filin kulob na masu wasa da ƙananan jiragen rimot a Amurka ranar Asabar da safe, da wuya ya rasa Apprentice a kan teburin masu koyo. Jirgin E-flite ne, na kamfanin Horizon Hobby da ke Champaign a jihar Ilinois. Faɗin fukafukansa mita ɗaya da rabi, nauyinsa da batir ya kusa kilo 1.4, fiffiken a saman jiki yake, tayoyi uku, ɗaya a gaba biyu a baya. An yi jikin da kumfar EPO, danginsu ɗaya da farin soson da ake tokare talabijin a kwali, sai dai wannan ta fi yauƙi, ba ta farfashewa da wuri. Injinsa na lantarki ne, yana juya farfela mai tsawon inci 11, da ESC (na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa inji) mai amfiya 30, yana cin batirin LiPo, wani nau'in batirin lithium da ake caji, mai sel uku, 11.1V, 3200mAh.

Tun a kwali ake fara cin karo. Wanda aka rubuta wa RTF Basic yana zuwa da rimot ɗin Spektrum DXS, amma ba batirin tashi, ba caja. BNF Basic kuwa har rimot ɗin ma babu. Mutum ya ga jirgi a hoto ya biya, ranar tashi ta zo ya tarar ba abin da zai kunna shi da shi.

Haɗa shi ba wani aiki ba ne: wutsiya, tayoyi, sai fiffike, sukudireba ɗaya ta wadatar, cikin awa guda an gama. Fiffiken da roba ake ɗaure shi, irin ta ɗaure kuɗi amma mai kauri, kuma da gangan aka yi haka: in jirgin ya doki ƙasa da gefe, robar ta sake, fiffiken ya goce maimakon ya tsage jikin. Sai dai roba ba ta shiri da rana. Wadda ta kwana biyu a zafi takan yi ƙananan tsaga. A ja ta a duba kafin a ɗaura, wadda ta fara fari-fari a jefar. A sa adadin da littafin jirgin ya ce, wasu a miƙe wasu a gicciye, don na gicciyen su ne ke hana sauran zamewa. Roba kaɗan tana barin gaban fiffiken ya ɗaga in an ja jirgin da ƙarfi, sai ka ga ya yi tsalle sama ba tare da an umarce shi ba.

Kafin a kai ga filin akwai takardu. A Amurka jirgin da ya wuce giram 250 sai mai shi ya yi rajista da FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, dala 5 na shekara uku, ya manna lambar a jikin jirgin, ya kuma ci gwajin TRUST na ƙa'idojin tashi lafiya da aka fara a 2021, kyauta ne a intanet. Ba a wuce tsayin ƙafa 400, wato kusan mita 120. Yawancin kulob-kulob sai da katin AMA, ƙungiyar masu ƙananan jirage da aka kafa a 1936 mai hedikwata a Muncie ta jihar Indiyana, saboda inshorar da ke tare da katin. Filin da FAA ta amince da shi a matsayin FRIA, wato filin da ta keɓe wa irin waɗannan jirage, kuma yana ɗauke wa mutum sayen na'urar Remote ID, mai watsa lambar jirgi da inda yake. A Ingila ƙungiyar BMFA ce ke riƙe da irin matsayin AMA. Wanda ke tunanin shigo da shi Najeriya ya sani tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta hana tashi da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka a fara tambaya kafin a yi oda.

Da sanyin safiya ake kama fara. Iska kan kwanta daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma, kuma mai koyo da wannan jirgi bai kamata ya tashi ba in ta wuce kilomita 15 a awa, ko in tana kaɗa tutar filin a gicciye da titin. Gwani zai iya fiye da haka nesa ba kusa ba, amma faffaɗan fiffike da jiki marar nauyi suna sa iska ta riƙa wasa da shi wajen sauka.

Dubawar ƙasa ita ce jirgin ba ya yafewa. A fara kunna rimot, totur a ƙasa, makunnin kashe inji a kulle, sannan a jona batir. Ɗakin batirin a ƙarƙashin ciki yake, saboda haka sai an kifa jirgin. Da an jona a mayar da shi kan tayoyinsa a wuri mai daidai, a bar shi tsit na ɗan daƙiƙoƙi. A wannan lokacin ne na'urar SAFE, wadda ke taimaka wa jirgin ya daidaita kansa a sama, ke gane inda sama take da inda ƙasa take. In ana jijjiga shi ko iska tana kaɗa shi, ko dai ya ƙi amsawa ko ya ɗauki karkatacciyar tsayuwa a matsayin daidai. Daga nan a tsaya a bayansa, ba a gaban farfela ba. A tura sandar dama ta rimot zuwa dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. A ja ta baya: leɓen wutsiya na kwance ya ɗaga. Sandar hagu zuwa dama: leɓen wutsiya na tsaye da tayar gaba su juya dama tare. Ba motsi kawai ake dubawa ba, ɓangaren da ya motsa ake dubawa. Wayoyin fiffike da aka jona ba daidai ba ko umarnin sanda da aka saita baibai a rimot suna kifar da jirgi cikin daƙiƙa uku da barin ƙasa, kuma ba gwanin da zai cece shi.

Sai ma'auni. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a daidai inda littafin ya nuna, da batirin a ɗaure a mazauninsa. Ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan rusuna. In wutsiya ce ta rinjaya, a tura batirin gaba. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi da nawa, yana sauka da gudu, amma ana iya sarrafa shi. Mai nauyin wutsiya sai ya yi ta ɗaga kai har iska ta sake shi. Tashin farko na yini kuma a yi gwajin nisa: a sa rimot a yanayin rage ƙarfi, a yi taku 30 daga jirgin, a motsa komai. In leɓɓa suna rawa ko suna jinkiri, ranar ba ranar tashi ba ce, a duba eriyar risiba, wato na'urar cikin jirgi da ke karɓar saƙon rimot.

A sama kam sai dai a yaba. A kan gajeriyar ciyawa yana barin ƙasa ba tare da an matsa masa ba, a rabin totur yana yawo a natse, kuma girmansa yana sa ido ya riƙe shi daga nesa, abin da ƙananan jiragen koyo ba su da shi. SAFE tana da mataki uku. A na farko jirgin ba ya yarda ya karkata ko ya sunkuya fiye da kima, in aka saki sanda ya miƙe da kansa. Na biyu ya ƙara sakin mara amma da iyaka. Na uku ba takunkumi, yana iya wuntsilawa da birgima. Akwai kuma maɓallin ceto: in kai ya ɗaure a danna a riƙe, jirgin ya dawo daidai. Yana aiki, amma yana buƙatar sarari a ƙarƙashinsa. Wanda ya danna shi a mita biyar da ƙasa ya makara.

A nan ne muke da magana da jirgin. Matakin farko yana koya wa hannu ɗabi'ar da sai an sha wuya za a kankare. A can, kafin jirgi ya ci gaba da kwana sai ka riƙe sandar a gefe. A jirgi na gaskiya ba haka ba ne: kana tura sanda kaɗan ya karkata, ka mayar da ita tsakiya, ka ɗan ja baya don hancin kada ya faɗi, in ka gama kwanan ka tura ɗaya gefen ka miƙe shi. Wanda ya yi wata uku a matakin farko, ran da ya murɗa zuwa na uku zai riƙe sandar kamar yadda ya saba, jirgin ya yi ta birgima har ƙasa. Shawararmu, a yi batir biyar ko shida a matakin farko don tsoro ya fita, sannan a bar shi, a koma hannun malami. Kusan kowane kulob yana da masu koyarwa kyauta, da rimot biyu da ake haɗawa ta waya ko ba waya. Malami na riƙe da makunni, da ya ga abin ya ɓaci ya karɓe. Wannan ya fi kowace na'ura, don malami zai gaya maka dalilin da ya sa abin ya ɓaci. Shi ne kuma zai nuna maka maganin ruɗun da ke kama kowa in jirgin ya fuskanto shi, lokacin da dama ta zama hagu: tura sanda zuwa ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, kamar kana tokare shi.

Na'urar GPS da ake sayarwa daban, mai saukar da jirgin da kanta da yi masa shinge a sama, ba ta zama dole ba ga mai kulob. Kuɗinta gara a sa a batir.

Don batir shi ne ke yanke tsawon yinin. A ƙa'ida ba a cin fiye da kashi 80 cikin ɗari na LiPo, wato kusan 2560mAh daga 3200. A saita agogo a minti 8 a tashin farko, a sauka, a auna: in kowane sel ya nuna 3.75V ko sama bayan ya huta, ana iya ƙara minti ɗaya ko biyu. In inji ya fara yankewa yana dawowa a sama, ESC ce ke gargaɗin wuta ta ƙare, kuma duk batirin da ake kai wa nan a kai a kai zai kumbura. Caji a 3.2A yana cin kusan awa guda kafin ya kai 12.6V. Ka ga ke nan mai batir ɗaya zai yi minti goma a sama, awa ɗaya a kan benci yana kallon na wasu. Uku shi ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi daɗi. A bar batir ya huce kafin a maƙala shi a caja, kada a yi caji a cikin mota, kada a bar shi ba mai kallo. Wanda ba a yi amfani da shi ba a sauke shi zuwa 3.8V kowane sel kafin a ajiye. Abu ɗaya da mai saye ya kamata ya sani: batiran Spektrum Smart G2 ba su da wayar daidaita sel, sai cajar Smart ta kamfanin kaɗai ke caja su. Suna da sauƙin sha'ani, suna sauke kansu zuwa wutar ajiya, amma sun ɗaure ka da kamfani ɗaya. Batiri mai sel uku na gama-gari, mai kan jonawa irin EC3, yana shiga ya yi aiki.

Filin yana da ladubbansa. Ba a tayar da inji a wurin ajiye kaya, ba a bi ta kan mutane ko motoci, kowa yana zagaye ta fuska ɗaya gwargwadon iskar ranar, kuma ana ɗaga murya a sanar kafin tashi, kafin sauka, da kafin a taka titi ɗauko jirgi. Wanda injinsa ya mutu a sama shi ake ba hanya.

Sauka ita ce ke tona raunin Apprentice. Jirgin yana son shawagi. In aka shigo da gudu sai ya ƙi taɓa ƙasa, titi yana ƙarewa, mai koyo ya firgita ya danna hancin ƙasa. Tayar gaba ta fara bugawa, jirgin ya yi tsalle, ya sake bugawa da ƙarfin da ya fi na farko. A bugu na uku ƙarfen tayar ya lanƙwashe baya, farfela ta ci ƙasa. Tunda tayar tana haɗe da sarbo, ɗan injin da ke juya ta, bugun kan kai har haƙoransa. Gyaran yana farawa tun daga nesa: a rage totur tun ana gefen titi, a yi kwanan ƙarshe da faɗi ba a matse ba, a bar ɗan totur kaɗan, a kusan tsayin gwiwa a ja sanda a hankali har tayoyin baya su fara taɓawa. In ya yi tsalle, a ba shi wuta a sake zagayowa, ba abin kunya ba ne. Ɗan sukurun da ke riƙe hannun tayar gaba ma yana kwancewa, sai ka ga jirgin yana kauce wa titi wajen tashi. Ɗigon gam ɗin noti yana maganinsa. A filin da ciyawarsa ke da tsawo ko ƙasarsa ke da gargada, AeroScout S 2 na HobbyZone, mai farfela a bayan fiffike, ya fi jure wannan duka, ko da yake ya fi ƙanƙanta kuma ya fi saurin ɓacewa ido.

Akwatin kayan yini ya ƙunshi farfela biyu, ƙarfen tayar gaba ɗaya, roba sabuwa, batiran AA huɗu na rimot, na'urar auna sel, filaya, selotef mai zare da sufa gulu. Kumfar EPO tana karɓar sufa gulu, tsagar fiffike tana haɗewa cikin minti goma a koma sama. Farfela kuwa ba a liƙe ta. Ko tsaga ce kamar gashi a gindinta, a canza. Tsakanin tashi da tashi a tura jirgin inuwa ko a rufa masa farin zane, don rana tana sa baƙaƙen wuraren jikinsa su yi ƙuraje, kuma in sun fito ba sa komawa.